Ranar da Aka Auna Ifiritu: Tarihin Littafin Dodanni na Dungeons & Dragons

A farkon shekarun 1970, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, wani magidanci ya sayi ledar 'yan tsanan roba a kantin kayan araha. A Hong Kong aka ƙera su, aka sayar da su da sunan dabbobin da suka rayu kafin zuwan ɗan Adam. Wasu daga cikinsu kowa ya san kamanninsu daga littattafan makaranta. Wasu kuwa babu masanin da zai iya cewa ga abin da suke. Ɗaya ya yi kama da ƙwaro, yana da dogayen gashin baki biyu da jela mai kama da farfelar jirgi. Wani yana tsaye da ƙafa biyu, jiki na dabba, baki na tsuntsu. Na uku ya sha sulke tun daga hanci har jela, ga tozo a gadon baya.

Magidancin shi ne Gary Gygax. Kamfanin inshorar da yake wa aiki ya sallame shi a 1970, ya koma gyaran takalma a gida don ciyar da iyali, sauran lokacinsa kuma ya ba wa wasannin yaƙi na kan tebur. Waɗannan 'yan tsana uku sun shiga wasan da ya ƙirƙira tare da Dave Arneson, wato Dungeons & Dragons, kuma har yau suna ciki. Mai bakin tsuntsun ma, wanda aka raɗa wa suna owlbear saboda wai haɗin mujiya ne da beyar, ya fito a fim ɗin Hollywood na wasan a 2023.

Ga wanda bai taɓa ganin ana yin wasan ba, ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira: mayaƙi, ko boka, ko ɓarawo, ko malamin addini. Mutum ɗaya, alƙalin wasa, shi ke riƙe da taswirar kurkukun ƙarƙashin ƙasa da za a shiga, shi ke faɗa wa sauran abin da suke gani, shi ne kuma bakin duk wani dodo da za a ci karo da shi. Tatsuniya ce da masu sauraro ke da ikon sa baki a cikinta. Idan aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa ɗan lido, wani mai fuska 6, wani mai 8, mafi shahara mai fuska 20. An fara buga wasan a Janairun 1974, kwafi 1,000, kowane a kan dala 10, cikin ƙananan littattafai uku. Na biyunsu kacokan an keɓe shi ne ga dodanni da dukiya.

Asalin abin a barikin soja yake. Tun 1824 rundunar Furushiya ta rungumi wasan taswira da Georg von Reisswitz ya tsara don horar da hafsoshi, marubucin Ingila H. G. Wells kuma ya fitar da dokokin yaƙin sojojin dalma na nishaɗi a 1913. Daga wannan zuriya Gygax da Jeff Perren suka buga Chainmail a 1971, dokokin yaƙin masu takubba da dawakai, da ɗan ƙari a ƙarshe na masu sihiri da macizan wuta. A irin wannan wasa soja ɗaya ba kowa ba ne: an jefa ɗan lido, ya faɗi, an ɗauke shi daga tebur. Da Arneson ya ba kowane abokinsa jarumi ɗaya tak a wasan da yake gudanarwa a Minnesota, sai matsala ta taso. Wanda ya shafe makonni yana renon jaruminsa ba zai yarda jifa ɗaya ta kashe masa shi ba. Maganin da Arneson ya ce ya samo, daga dokokin wasan jiragen ruwan yaƙi ya aro shi, inda ake ƙirga yawan harsashin igwa da jirgi zai iya sha kafin ya nutse. Haka aka sami makin rai: kowane mai numfashi yana da lamba, kowane sara yana rage ta, in ta kai sifili an gama. A ganina wannan ƙaramar dabara ita ce ta fi komai tasiri a tarihin wasan, har ma da wasannin kwamfuta da suka gaje shi. Tun daga ranar, duk dodon da zai shiga wasa sai an auna shi da ma'aunin jirgin ruwa.

Dodannin da suka fi cin moriyar wannan tsari su ne waɗanda aka ƙirƙira dominsa. Ɗauki ƙwaron nan mai jelar farfela, wanda aka sa wa suna dodon tsatsa, ya fito a ƙarin littafin Greyhawk na 1975. A wancan lokacin ba ya cizo, ba ya yakushi, ba ya zubar da jinin kowa. Abin da kawai yake yi shi ne ya taɓa ƙarfe da gashin bakinsa, nan take ƙarfen ya yi tsatsa ya ruɓe, shi kuma ya cinye. Sai mutum ya san yadda wasan yake a lokacin zai gane muguntar da ke cikin wannan. A dokokin farko, jarumi yana samun ci gaba ne gwargwadon zinariyar da ya kwaso, ƙarfinsa kuma yana rataye da kayan sihirin da ya tara: takobin da ba ya kuskure, sulken da ba ya hujewa, jakar da cikinta ya fi wajenta girma. Mayaƙin da zai tari macijin wuta gaba da gaba, in ya hango dodon tsatsa sai ya ranta a na kare, ya tura boka mai sandar itace gaba. Gygax ya gano cewa mai wasa ya fi tsoron talaucewa a kan mutuwa.

Haka sauran takwarorinsa suke, kowanne amsa ce ga wata ɗabi'ar 'yan wasa. Sun saba rugawa kan akwatin dukiya, sai aka yi dodon da ke rikiɗa ya zama akwati, wanda ya taɓa shi hannunsa ya manne. Sun saba dogara da boka, sai Terry Kuntz ya ƙirƙiro beholder, dunƙulen kai mai shawagi a iska, da ƙananan idanu 10 kowanne da nasa bala'in, da babban ido ɗaya a tsakiya wanda ke kashe duk sihirin da ya kalla. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wani curin yauƙi garai-garai, tsawo da faɗi da tsayi duk ƙafa 10, yana tafe a hankali yana haɗiye duk abin da ya tarar. Me ya sa ƙafa 10? Saboda a kan takarda mai gida-gida ake zana taswirar kurkuku, kowane gida kuma ƙafa 10 ne. Takardar lissafin 'yan makaranta ce ta haifi wannan dodo, ya cika lungu cif, babu ta inda za a raɓa shi.

A Disambar 1977 aka tattara su a Monster Manual, littafin dodanni, mai bango mai tauri, da halittu fiye da 350 a jere bisa haruffa kamar ƙamus. Kowane dodo da jadawalinsa: sau nawa ake haɗuwa da shi, su nawa ke fitowa tare, ƙarfin sulkensa, saurinsa, makin ransa, irin dukiyar da yake gadi, kaifin hankalinsa, da ɓangaren da yake tsakanin alheri da sharri. Wanda ya taɓa cike fam a ofishin gwamnati zai ji kamar ya san wurin.

Sai dai ƙirƙirarrun ba su ne mafi yawa ba. Akasarin littafin kayan aro ne, kuma Gygax bai damu da ɓoye hakan ba. Ya ɗebo daga tatsuniyoyin Girka da na Arewacin Turai, daga littattafan dabbobin da sufayen Kirista suka rubuta a tsakiyar zamani, daga Indiya da Japan, daga finafinan ban tsoro, musamman kuma daga mujallun almara masu araha da ya karanta yana yaro. Ƙaton da raunukansa ke warkewa nan take sai an ƙone shi da wuta, daga wani littafin Poul Anderson na 1961 ya fito. Baƙar damisar nan mai igiyoyi biyu a kafaɗa ta samo siffarta daga wani gajeren labarin A. E. van Vogt na 1939. Takobin da ke fille kai da sara ɗaya, sunansa kalmar raha ce da Lewis Carroll ya ƙaga a 1871. Har da wanda kuskure ya haifa: Demogorgon, sarkin shaiɗanu mai kai biyu wanda shirin Stranger Things ya sake fito da sunansa a 2016, masana sun tafi a kan cewa tuntuɓen alƙalamin wani mai kwafe sharhin waƙar Latin ne, ya ɓata wata kalmar Girkanci, marubutan baya suka ɗauka sunan wani abin bauta ne.

Mai kaya ɗaya ne ya biyo sawu da ƙarfi. A 1977 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin kasuwanci na littattafan J. R. R. Tolkien ya yi wa TSR, kamfanin Gygax, barazanar kotu. Dole aka sauya sunaye: hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant, balrog ya ɓuya cikin jerin shaiɗanu. Siffofin dai suna nan yadda suke, sunan kawai aka goge. Sauran waɗanda aka ara wa kaya, ko dai sun mutu tun ƙarnuka, ko kuwa al'ummomi ne da ba su da lauya.

A nan ne labarin ya shigo gidanmu, domin a cikin haruffan littafin akwai baƙi uku da mai karatun Hausa ya riga ya sani: ghoul, djinni da efreeti. Gul ne, da aljani, da Ifiritu.

Hanyar da suka bi zuwa Wiskonsin mai tsawo ce. Tsakanin 1704 da 1717 aka buga fassarar Faransanci ta Dare Dubu da Ɗaya da Antoine Galland ya yi, littafin da mu ma muke da shi da Hausa tun shekarun 1920. Wasu daga shahararrun labaran fassarar, har da na Aladdin da na Ali Baba, ba sa cikin rubutun Larabcin da Galland ya yi aiki da shi. Wani matashi Kirista ɗan Halab, Hanna Diyab, shi ya ba shi su da baki a birnin Paris a 1709. A ɗaya daga cikinsu akwai miji da ya rasa gane dalilin da amaryarsa ke tsintar shinkafa ƙwaya-ƙwaya, har ya bi ta da dare ya same ta a maƙabarta tana cin gawa tare da gul. Wannan hoto shi ya zauna a zukatan Turawa. William Beckford ya shigar da kalmar cikin Ingilishi a littafinsa Vathek na 1786, marubutan ban tsoro na Amurka suka ɗora a kai, har ta isa hannun Gygax a matsayin gawa mai tafiya da ke tone kabari, wadda in ta yakushi mutum jikinsa ya sandare.

Gul ɗin Larabawan farko wani abu ne daban. Halittar hamada ce, mai rikiɗa, sau da yawa mace, wadda ke yaudarar matafiyi ta kauce da shi daga hanya, ana kuma gane ta da kofaton jaki. Akwai wata ƙa'ida a labaranta da ta fi komai jan hankalina: sara ɗaya ake yi mata. In ka yi ɗaya ta mutu. In tsoro ko zumuɗi ya sa ka ƙara na biyu, ka dawo mata da rai. Gwajin a nan na kamun kai ne, ana son jarumi ya san inda zai tsaya. A tsarin makin rai kuwa babu gurbin da wannan ƙa'ida za ta zauna, tun da an gina shi ne a kan cewa kowane sara riba ne, na biyu ya fi na ɗaya kusantar da kai ga nasara. Sai aka riƙe sunan, aka jefar da abin da ya sa halittar ta zama abin tsoro. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na aljanu ya fi nauyi, domin ga Musulmi samuwarsu aƙida ce. Alƙur'ani ya ambaci cewa daga wuta aka halicce su, cewa a cikinsu akwai muminai akwai kafirai, kuma a Suratun Namli wani Ifiritu daga cikinsu ne ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin kawo gadon sarautar Bilkisu. Littafin dodanni ya kasa wannan al'umma gida-gida bisa tsohuwar falsafar Girka ta iska da wuta da ƙasa da ruwa. Djinni ya zama na iska, mai kirki. Efreeti ya zama na wuta, mai karkata ga mugunta, maƙiyin na farko. Daga baya aka ƙara marid aka ba shi ruwa, aka ƙago dao aka ba shi ƙasa don lissafi ya cika huɗu. Mazaunin Ifiritu a wasan shi ne Birnin Tagulla, wanda a Dare Dubu da Ɗaya kufai ne na matattu da ayarin Musa bin Nusair ya tarar a hanyarsa ta nemo wa Halifa Abdulmalik tulunan da Annabi Sulaimanu ya kulle aljanu a ciki. Labarin wa'azi ne a kan ƙarewar duniya. A wasan ya zama babban birni mai kasuwa da sarki. Tulun ma ya shiga jerin kayan sihiri, tare da zoben kiran aljani da dardumar tashi sama, kuma dokar ta ce Ifiritun da aka kama zai yi bauta kwana 1,001. Ko a lambar an san inda aka dosa.

Ba na ganin mugun nufi a nan. Mutanen nan sun ɗauki aljani kamar yadda suka ɗauki dokin Girka mai fukafukai, wato kayan ado daga tsohon littafi. A 1992 ma TSR ta fitar da Al-Qadim, duniya guda da Jeff Grubb da Andria Hayday suka tsara a kan labaran Larabawa, aiki ne da aka yi da kulawa fiye da na baya. A ciki akwai wani nau'in boka mai suna sha'ir wanda ƙaramin aljani ke ɗauko masa sihiri, kuma wannan yana da tushe, domin Larabawan Jahiliyya sun ɗauka kowane sha'iri yana da aljanin da ke sanya masa waƙa a baki. Abin lura shi ne inda kamfanin ya ja layi, da kuma wanda ya sa aka ja shi.

A 1980 TSR ta buga Deities & Demigods, inda aka ba alloli jadawali irin na dodanni. Zeus na Girkawa ya sami makin rai 400. Wannan bai dami kowa ba, masu bautarsa sun daɗe da shuɗewa. Amma littafin ya haɗa da Vishnu da Kali da Indra, waɗanda ɗaruruwan miliyoyin 'yan Hindu ke bauta wa a ranar da aka buga shi. Abin bautar Yahudawa da Kiristoci da Musulmi kuwa ba a kusance shi ba. Duk da haka guguwar ta taso daga cocin Amurka. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta ɗora laifin a kan wasan, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. Masu wa'azi suka ce ƙofar bautar Shaiɗan ce, shirin 60 Minutes ya ɗauki batun a 1985. Kotu ta yi watsi da ƙarar da ta shigar, amma kasuwa ta ji a jikinta. Da aka fitar da bugu na biyu na dokokin a 1989, an share shaiɗanu da iblisai daga jerin dodanni. Da suka dawo, da baƙin sunaye suka dawo, tanar'ri da baatezu, kalmomin da babu faston da zai gane su. Aljani da Ifiritu suna nan da sunayensu, ba wanda ya taɓa su. Halittar gaibu da iyayen masu saye suka yi imani da ita an sakaya ta. Ta mutanen da ba sa cikin masu saye an bar ta a fili da lambarta.

Irin wannan lissafi ya sake dawowa bayan shekara talatin, ta wata fuskar. Masu wasa sun yawaita, launinsu ya bambanta, aka fara tambayar me ya sa za a ce wata ƙabila sukutum, irin su orc ko baƙaƙen drow, mugaye ne tun daga haihuwa. A 2020 masu wasan suka amsa cewa za su gyara. A 2022 suka nemi gafara a kan hadozee, wasu mutane masu siffar biri da aka rubuta cewa wani boka ne ya wayar da su don ya sayar da su bayi. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar da daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata wajen rarraba jarumai.

Saura batun mallaka. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. A 2000 kamfanin ya fitar da wani lasisi da ya ba kowa damar buga littattafansa a kan ginshiƙin dokokin wasan kyauta, amma ya killace wasu dodanni ya ce su tambarinsa ne, babu mai taɓawa. Beholder yana ciki, wannan kuwa da hujja, a gidan aka haife shi. Amma damisar nan da aka kwaikwayo daga van Vogt ita ma tana ciki. Haka githyanki, wanda wani matashi ɗan Birtaniya, Charles Stross, ya aika wa mujallar White Dwarf, sunan kuma ya ɗauko shi ne daga wani littafin George R. R. Martin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kamfanin da aka gina da kayan aro ya zama mai tsaron shinge, har a Janairun 2023 ya yi yunƙurin soke tsohon lasisin ya kawo sabo, wanda zai karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura dala 750,000 a cinikin masu bugawa. Masu wasa suka yi ca, da yawa suka janye kuɗin rajistarsu na intanet. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya karɓewa.

A cikin abin da aka saki akwai dodon tsatsa, da owlbear, da mai sulken nan da ake kira bulette, wato 'yan tsanan Hong Kong su uku. Akwai gul mai tone kabari. Akwai kuma Ifiritu, da makin rai 200. Duk marubucin da ke Kano ko Damagaram yana iya ɗaukar wannan jadawali ya sa a littafinsa ya sayar, ba tare da ya biya ko sisi ba, da sharaɗi ɗaya: ya rubuta a ciki cewa daga Wizards of the Coast ya samo shi.